Kwafi Ɗaya Ba Ajiya Ba Ce



A zangon da ya wuce mun yi asarar da har yanzu take ci mana rai. Kwamfutar da muke buga wannan jarida da ita ta mutu rana tsaka, bayan an tayar da janareta. Mai gyara ya duba, ya ce sai dai haƙuri. Labaranmu na shekara guda, da hotunan wasannin motsa jiki, da hirar da muka yi da manoman albasa a fadama, duk sun tafi. Ba mu ga laifin kowa ba sai namu, domin wuri ɗaya muka ajiye komai.

Kakanninmu ba su yi wannan sakaci ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa yake Wurno, ya rasu tun 1837, amma har yau ana karanta littafinsa Infaƙul Maisuri. Me ya sa? Domin almajirai sun yi ta kwafarsa da hannu, suna kai shi gari-gari. Su da alƙalamin kara ma sun iya, balle mu da muke da na'ura?

Shawararmu ita ce, a koya wa kowane ɗan aji biyu da aji uku yin kwafi da rubutaccen umarni. Malamin kwamfuta ya nuna mana, kuma ba wuya. Ka sa filashi, ka buɗe baƙin allon nan na Windows ta hanyar rubuta cmd, sannan ka rubuta:

xcopy C:\Jarida E:\Jarida /E /I /D

C ita ce cikin kwamfuta, E kuma filashinmu, amma ka duba naka, domin harafin yana canzawa. /E tana kwashe duk foldojin da ke ciki. /I tana sa kwamfuta ta gane cewa folda muke nufi. /D kuwa tana ɗaukar sabbin fayiloli da waɗanda aka gyara kawai.

Wasu abokanmu sun ce ai jan folda da linzami ya fi sauƙi. Gaskiya ne, kuma ya fi zama babu kwafi. Amma mu a nan wuta ba ta daɗewa. Umarni layi ɗaya ne, ba ya maimaita aikin da aka gama, kuma yana faɗa maka yawan fayilolin da ya kwafa. Sai dai a kula: inda za a ɗauko ake fara rubutawa, sannan inda za a kai. Bayan an gama, a buɗe filashin a gani da ido.

Kada kuma a bar filashin kusa da kwamfutar. Iyayenmu suna ba mu labarin ambaliyar Gulbin Rima ta 2010, wadda ta ci gidaje da gonaki a ƙasar Goronyo. Ruwa in ya shiga ɗaki, ba ya tambayar wanne ne asali, wanne ne kwafi.

Muna roƙon Shugaban makaranta ya taimaka mana da filashi biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a hannun malamin kulob. Mu kuma mun ɗauki alkawarin yin kwafi kowace Alhamis kafin a tashi. Da na sani ƙeya ce, mun kuwa ɗanɗana ta sau ɗaya, ta ishe mu.

Daga wakilinku na aji biyu, Kulob ɗin 'Yan Jarida.