Ginin Fasinjoji Ko Titin Sauka: Ina Kuɗin Filayen Jiragenmu Ya Kamata Su Fara Zuwa?

A ƙarshen watan Yulin 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a kashe naira biliyan 712 wajen sake gina tsohon ginin fasinjojin ƙasashen waje na filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Legas, haɗe da faɗaɗa wurin tsayawar jirage da hanyoyin shiga. Ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya ce ba bashi za a ci ba, daga asusun manyan ayyuka na gwamnati kuɗin za su fito. A wannan zama dai aka amince da kimanin naira biliyan 46 domin gyara titunan saukar jirage da fitilunsu a filin Malam Aminu Kano. Adadin farko shi ya cika kafofin yaɗa labarai, aka yi ta ka-ce-na-ce a kansa. Na biyun kuwa da ƙyar aka waiwaye shi, alhali shi ne ya fi kusa da ran maniyyacin da zai taso daga Rano ko Bichi ya hau jirgi zuwa ƙasa mai tsarki.

Filin jirgin sama kashi biyu ne. Akwai wanda ido yake gani: zauren jira, na'urar sanyaya ɗaki, matakala mai tafiya da kanta, shagunan turare. Akwai kuma wanda fasinja ba ya gani, ko da ya gani ba zai san darajarsa ba: kwaltar titin da jirgi yake dira a kai, fitilun da ke gefensa, na'urar da take yi wa matuƙi jagora har ƙasa idan hazo ya rufe gari, motocin kashe gobara da kumfar da ke cikinsu, katangar da take tsare dabbobi, da injin wutar da dole ya tashi cikin daƙiƙoƙi idan lantarki ya ɗauke. Kashi na farko shi ake yanka wa ƙyalle a ɗauki hoto. Kashi na biyu ba ya da ranar buɗewa. Kullum cin kuɗi yake yi, kuma alamar cewa yana aiki ita ce a wayi gari ba a ji labarin komai ba.

Mutanen Arewa ba su buƙatar a faɗa musu abin da sauka take nufi. A ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin da ya ɗebo alhazai daga Jidda zuwa Legas ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama. Ba kowane hatsari ba ne laifin filin jirgi. Wanda ya faru a Jidda a 1991, wanda ya ci mutum 261 a jirgin alhazan da ya nufo Sakkwato, daga tayar jirgin ya samo asali. Amma akwai sakacin da ba shi da wani uba sai filin. A 2005 jirgin Air France ya afka wa garken shanu a kan titin sauka na Fatakwal. A 2017 sai da aka rufe filin jirgin Abuja ɗungurungum na mako shida aka mayar da jirage Kaduna, domin titinsa guda ɗaya tilo, wanda aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980, ya wuce wa'adinsa da shekaru masu yawa ba tare da babban gyara ba. A farkon 2020 hazo ya sa manyan jiragen da suka nufo Legas suka riƙa sauka a Accra, fasinjoji suna kwana a ƙasar da ba su yi niyya ba, saboda na'urorin sauka ba su cikin shirin da ya dace.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanya amincin hanya cikin ma'anar ikon da yake wajabta hajji. Wanda ba ya da aminci a kan ransa da dukiyarsa a hanya, farillar ba ta hau kansa ba. A da hanyar ita ce ta ayari, ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Yau ta taƙaita ta koma 'yan kilomitoci na kwalta a Kano da wasu a Jidda ko Madina. Haka nan malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi, sun kasa maslahohi hawa uku: larura, buƙata, da ƙawa, kuma kare rai yana cikin larurorin farko. Ɗalibin da ya karanta wannan babi zai iya ɗora shi a kan kasafin filin jirgi ba tare da wahala ba. Motar kashe gobara larura ce. Wurin zama wadatacce buƙata ce. Marmara da gilashi ƙawa ne. To me ya sa tsarin yake juyewa a aikace? A ganina amsar tana cikin yadda ake nemo kuɗin, domin hanyar da kuɗi suka biyo ita take zaɓar abin da za a gina da su.

A 2013 Najeriya ta karɓi rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin, ta ƙara miliyan 100 daga aljihunta, domin gina sababbin gine-ginen fasinjoji a Legas, Abuja, Kano da Fatakwal, kamfanin CCECC na Sin kuma ya yi aikin. Irin wannan rance yana son abu babba, sabo, wanda ɗan kwangila guda zai ɗauka ya gama ya miƙa mabuɗi. Ba ya sayen kumfar kashe gobara duk shekara, ba ya biyan horon injiniya. Gine-ginen sun tashi, ba a musun kyawunsu, sai dai an tarar na Abuja ya tare wa hasumiyar kula da jirage da ofishin 'yan kwana-kwana gani, na Legas kuma, da aka buɗe shi a 2022, wurin tsayawar jiragensa ya yi wa manyan jirage kaɗan, har kamfanoni suka daɗe suna ƙin komawa cikinsa. An ɗinka babbar riga ba a gwada wuyan mai ita ba.

Kuɗin ruwan rancen kashi 2.5 ne cikin ɗari, kuma masu kare shi sukan ce ai wannan sauƙi ne. Musulmi dai ya san hukuncin ruwa a kan bashi bai rataya da yawansa ko ƙarancinsa ba. Amma ko an ajiye wannan gefe, akwai nauyin da ba ya bayyana a takardar yarjejeniya. Lokacin da aka sa hannu dala tana wajen naira 160. A 2024 ta haura 1,500. Bashin da ake biya da dala ya ninka kusan sau goma a ma'aunin naira, kuma daga baitulmalin da manomin da bai taɓa taka filin jirgi ba yake da haƙƙi a cikinsa ake biya.

Ai filayen suna tara nasu kuɗin, in ji mai tambaya. Haka ne. Hukumar FAAN tana karɓar kuɗin sauka da na tsayawa daga kamfanonin jirage, da harajin da ke cikin tikitin kowane fasinja, wani sashe ma da dala. Akwai kuma kashi biyar cikin ɗari na kuɗin tikiti da hukumar NCAA take karɓa ta raba da sauran hukumomin sufurin sama. Matsalar biyu ce. Ta farko, tun farkon 2024 gwamnati ta koma cire rabin abin da irin waɗannan hukumomi suka tara ta zuba a asusunta, abin da ƙungiyoyin ma'aikatan fannin suka yi ta kuka da shi, domin ƙa'idar hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, ita ce kuɗin da aka karɓa daga jirage su dace da hidimar da aka yi musu. Ta biyu, fasinjojin Najeriya gaba ɗaya ba su wuce miliyan 15 zuwa 17 a shekara, mafi yawansu kuma ta Legas da Abuja suke bi. FAAN da kanta ta sha faɗa cewa ƙalilan ne daga filayenta sama da ashirin suke iya riƙe kansu.

A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Jihohi da dama a Arewa sun gina filayen jiragensu, kuma hujjar da aka fi kawowa ita ce jigilar alhazai. Wanda ya taɓa raka tsohuwa sansanin alhazai na wata jiha, ya ga yadda take kwana a tabarma tana jiran jirgi, ba zai raina wannan hujja ba. Amma a yi lissafi. Kujerun da Saudiyya ta ba Najeriya a 2024 da 2025 95,000 ne kowace shekara, ba kuma cika su aka yi ba. Jihar da take da maniyyata 3,000 sawu bakwai ko takwas ya ishe ta. Sauran watanni goma sha ɗaya fa? Fitilu da na'urori da 'yan kwana-kwana ba su san hajji ta wuce ba. Shi ya sa bayan 'yan shekaru sai ka ji jihar tana roƙon Tarayya ta karɓi filin, nauyin ya koma kan asusun da tuni ya yi ƙaranci.

Hanya ta uku ita ce miƙa filin ga 'yan kasuwa su gina, su gudanar, su mayar bayan wa'adi. Maƙwabtanmu na Nijar sun bi ta: kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin Diori Hamani na Yamai kafin taron Tarayyar Afirka na 2019, a kan zai riƙe shi shekara 30. A Najeriya tarihin bai yi daɗi ba. Ginin MMA2 na Legas, wanda kamfanin Bi-Courtney ya buɗe a 2007, ya shafe shekaru cikin shari'a a kan ko wa'adinsa shekara 12 ne ko 36. Yarjejeniyar miƙa filayen Abuja da Kano da gwamnatin Buhari ta amince da ita a makonninta na ƙarshe a 2023, gwamnatin da ta gaje ta dakatar da ita ta yi. Ɗan kasuwa kuma inda kuɗi suke yake so, wato ginin fasinjoji da shaguna. Titin sauka da gobara yakan bar wa gwamnati.

Misalin da ya fi cancantar nazari yana wurin da alhazanmu suka sani. A 2012 hukumar sufurin sama ta Saudiyya ta miƙa filin jirgin Madina ga haɗakar kamfanoni mai suna Tibah na shekara 25. Aikin ya ci kimanin dala biliyan 1.2, bankunan Saudiyya kuma suka samar da kuɗin bisa tsarin istisna'i da ijara: an ba da odar gini, sannan kamfanin yana biyan haya daga abin da filin yake samarwa. An buɗe sabon ginin a 2015, aikin ya haɗa da inganta titin sauka, gwamnati kuma tana karɓar fiye da rabin kuɗin shiga. A shekarar 2012 ɗin dai hukumar ta fitar da sukuk na riyal biliyan 15 domin sabon filin Jidda.

Mu ma ba baƙin sukuk ba ne. Ofishin Kula da Basussuka ya fitar da na farko a 2017, naira biliyan 100, aka raba wa tituna 25, kuma zuwa 2023 abin da aka tara ta wannan hanya ya haura tiriliyan ɗaya. Wanda aka fitar a 2025 na biliyan 300 ne, masu nema suka kawo sama da tiriliyan biyu. Duk a hanyoyin mota da gadoji aka zuba su. Abin da ya sa matafiya suka yarda da allon da ke cewa sukuk ne ya yi wannan titi shi ne kuɗin a ɗaure suke da aiki sananne, ba a sakar wa ɗan kwangila sai an auna abin da ya yi. Titin saukar jirgi ya ma fi titin mota dacewa da ijara, domin kadara ce mai iyaka, kuma kowane jirgin da ya dira yana biya. Da naira kuma ake tara kuɗin, don haka faɗuwarta ba ta ninka nauyin.

Sai dai kada sunan Larabci ya rufe mana ido. Hayar sukuk na 2017 kashi 16.47 ce cikin ɗari a shekara, ba araha ba ce. Kuma hayar da gwamnati take biya a kan titunan mota daga baitulmali take fitowa, tunda titunan ba su tara komai. Idan aka yi na filin jirgi haka, alhali ana ci gaba da kwashe rabin abin da FAAN ta tara, to tsarin ya halatta amma matsalar tana nan daram: an shimfiɗa sabuwar kwalta, babu kuɗin kula da ita. Sharaɗin da zai ba shi ma'ana shi ne a keɓe kuɗin saukar jirage na filin a asusun da kowa zai iya dubawa, a fara fitar da na kula da titi da na'urori da motocin gobara, sannan hayar masu sukuk, abin da ya rage ya tafi asusun gwamnati. A ijara ma, manyan gyare-gyaren kadara a wuyan mai ita suke, don haka dole takardar ta faɗi wanda zai yi su da kuɗin da za a yi su.

Kano, inda jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan a 1925, wuri ne da za a iya gwada wannan. Fitilun da aka amince a saka za su ba jirage damar sauka cikin hazon da a da yake mayar da su Abuja. Amma fitila tana mutuwa, na'urar sauka kuma sai an riƙa auna ta lokaci-lokaci da jirgi na musamman, in ba haka ba matuƙi ba zai dogara da ita ba. Naira biliyan 46 ɗin na saye da sakawa ne. Kuɗin aunawar da za a yi a hunturun shekaru biyar masu zuwa, shi ne abin da hukumomin alhazai na jihohi da wakilanmu a majalisa ya kamata su nemi a nuna musu a rubuce.