SHARUƊƊAN SHIGA GWAJIN MAGANIN SANKARAR HUHU: INA MATSAYINMU?

Ya 'yan'uwa, muna so mu ja hankalinmu zuwa ga wata mas'ala wadda da yawanmu ba mu waiwayarta sai ta faɗo cikin gidajenmu, wato sankarar huhu da gwajin sababbin magungunanta a jikin majinyata.

Wannan cuta ita ce kan gaba wajen kisa a cikin dukkan nau'o'in sankara. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 kimanin mutum miliyan 2.5 suka kamu da ita, miliyan 1.8 kuma suka rasu. Shan taba ne babban musabbabinta, duk da cewa takan kama wanda bai taɓa kai sigari baki ba. Babu kuwa wani magani da ake amfani da shi a yau face sai da aka fara gwada shi a jikin waɗansu bayin Allah da suka amince, mataki bayan mataki: na farko don sanin adadin da jiki zai ɗauka, na biyu don ganin ko yana aiki, na uku don gwama shi da maganin da aka saba da shi.

To, ba duk wanda ya so ne ake karɓa ba. Wajibi ne a tsakuro tsoka daga ƙarin a auna ta, a tabbatar sankara ce, a san nau'inta da matakin da ta kai daga 1 zuwa 4. Gwaje-gwaje da yawa kan nemi wani canji a ƙwayoyin cutar, kamar wanda ake kira EGFR ko ALK, domin maganin an yi shi ne don wannan canjin kaɗai. Sannan a duba ƙarfin majinyaci, galibi ana son wanda ke iya tashi ya yi hidimar kansa. A duba hanta da ƙoda da jini, a tambayi magungunan da ya riga ya sha.

Ra'ayinmu shi ne, asalin waɗannan sharuɗɗa kariya ce ga majinyaci. Wanda ƙodarsa ta raunana, maganin da ba a gama saninsa ba zai iya taruwa a jikinsa ya halaka shi kafin cutar ta yi. Amma kuma akwai sharuɗɗan da aka tsananta fiye da kima. An daɗe ana mayar da masu ƙwayar cutar ƙanjamau ko ciwon hanta nau'in B, da waɗanda sankarar ta kai ƙwaƙwalwarsu, ko da kuwa suna samun kulawa. Sai a shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da shawarwarin sassauta haka. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasashenmu.

Sai dai babban shingen da ke gabanmu a gida yake. Mutum zai yi ta tari yana ramewa, har ya tofar da jini, a ce tarin fuka ne, a ɗora shi kan magani na wata 6. Wani kuma a ce sammu ne, a yi ta yawo da shi. Kafin a gano gaskiya ya kwanta warwas, ya wuce sharaɗin ƙarfin jiki. Ashe mu muka rufe masa ƙofar tun likita bai rufe ba.

Mun san dalilin ɗari-ɗarin jama'armu, kuma ba mu zarge su ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya dace ba, kamfanin ya musanta laifi, aka kuma sasanta da gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Darasin da ke cikin wannan shi ne mu san haƙƙinmu mu tsaya a kansa.

Saboda haka, kamar yadda masu bincike ke da sharuɗɗansu, majinyaci ma yana da nasa. Lalle ne a yi masa bayani da harshen da yake ji. A faɗa masa illolin da ake tsoro, da cewa ba a lamunce masa waraka ba, da cewa a gwaje-gwaje da yawa ƙuri'a ce ke zaɓar wanda zai sami sabon magani da wanda zai sami na da. Ya tambayi wa zai biya kuɗin jinya idan abu ya ɓaci. Ya nemi shaidar amincewar hukumar NAFDAC da kwamitin ɗa'ar bincike. Ya kuma sani cewa yana da ikon janyewa duk ranar da ya so, ba tare da an yanke masa kulawa ba. Ƙa'idar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964 duk sun ginu a kan yardar majinyaci. Rai amana ce, babu mai izinin miƙa jikin wani, ko da mahaifinsa ne ko matarsa, matuƙar yana cikin hankalinsa.

Kiranmu ga 'yan'uwa shi ne, tarin da ya wuce mako 2 a kai shi asibiti, idan kuma maganin tarin fuka bai yi aiki ba a matsa a sake bincike. A adana kowace takardar awo, domin da ita ake tantance cancanta. Likitocinmu su riƙa sanar da majinyata in akwai gwajin da ya dace da su. Masu shan taba kuwa su ji tsoron Allah su daina.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu dace. Wassalam.