FILIN KIMIYYA: Gilisarin Ba Maganin Kaushi Kaɗai Ba Ne

Da zarar hunturu ya kama a Jimeta, sai a ga masu tireda a unguwar Ajiya sun jera 'yan kwalabe na gilisarin, mata suna saye suna gaurayawa da man shafawa saboda faso da kaushi. Akasarin masu sayen nan ba su san cewa wannan ruwa mai kauri yana cikin fentin mai da aka shafa wa ƙofofin ƙarfe na gidajensu ba.

Asalin gilisarin mai ne. Wani masani mutumin Suwidin, Scheele, shi ya fara fitar da shi daga man zaitun a 1779. Ko man gyaɗa ne, ko manja, ko kitse, in aka dafa shi za a yi sabulu, kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa yakan fito gilisarin. Masu sabulun gida sukan bar shi a cikin sabulun. Su kuwa manyan masana'antu gishiri suke zubawa, sabulu ya taso sama, gilisarin ya zauna cikin ruwan da ya rage, su tace shi su sayar.

To, ina ruwansa da fenti? Kowane fenti yana bukatar danƙo, watau abin da zai riƙe launi ya manne shi a jikin ƙarfe ko katako. Kowace ƙwayar gilisarin tana da gurabe uku da takan kama wasu sinadarai da su, kamar mai hannu uku. A 1901 wani Bature, Watson Smith, ya dafa shi da wani farin sinadari mai suna fatalik, wanda ake samu daga kwal ko man fetur, sai ya sami danƙo mai tauri, amma mai saurin tsagewa. Sai a shekarun 1920 ne Roy Kienle na kamfanin General Electric a Amurka ya shigar da man tsirrai cikin haɗin, danƙon ya yi laushi, ya kuma riƙa bushewa da iska. Shi ake kira alkid. Akan fara dafa man da gilisarin a zafin da ya haura digiri 200, sa'an nan a zuba fatalik.

Amma fa ba kowane mai ne ya dace ba. Man gyaɗa ba ya bushewa, don haka fentinsa zai yi ta yauƙi. Man waken suya shi ne abin nema, na angurya kuma yana bi masa, kuma duka biyun manoman Adamawa suna noma tushensu. Abin takaici shi ne, waken yakan bar jihar a buhu bisa farashin kaka, sa'an nan fentin ya iso kasuwar Jimeta a gwangwani daga Legas, mai walda ya biya kuɗin danƙo, ya biya kuɗin mota.