WAI KARATU A SAUƘAƘE: DA WANE KAYAN AIKI?

'Yan'uwa matasa, a 'yan shekarun nan an cika mana kunne da wata magana mai zaƙi, wai yanzu jami'a ta shigo aljihun kowa, da waya kaɗai sai ka yi digiri kana zaune a ɗakinka. Wasu daga cikinmu a Birnin Kudu da Gwaram sun ji, sun yarda, sun sayar da ɗan abin da suke da shi sun yi rajista, musamman masu sha'awar ilmin halayyar ɗan Adam. Yau ga su nan sun tsaya cak. Kayan aiki ne ya gagare su, su kuwa masu tallar ba su taɓa faɗa masu kayan aikin ba.

To bari mu faɗa masu. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002, kuma tana da cibiya a Dutse. Littattafan darasi ana sauke su ne daga intanet, kowanne shafuka rututu. Aikin gwaji da suke kira TMA, mai ɗauke da maki 30 cikin 100, a kan intanet ake yin sa, kuma da wa'adi. Jarrabawa, mai maki 70, sai ka taka ka je cibiya. Ke nan ɗalibi na buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka, da data, da wutar caji, da kuɗin buga takardu, da kuɗin mota. Wannan ita ce kuɗin makaranta ta biyu, wadda ba a rubuta ta a takardar shiga.

Wani zai ce ai waya ta isa. Haba malam! Ilmin halayya ba tatsuniya ba ce. Tun da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig ta Jamus a 1879, fannin ya zama na awo da ƙididdiga. Dole ɗalibi ya raba takardun tambayoyi, ya tattara amsoshi, ya zuba su a manhajar lissafi irin SPSS, ya rubuta rahoto mai tsawo. Wa ya taɓa yin wannan da babban yatsa a kan gilashin waya mai tsaga? Wanda ya ce maka zai yiwu, ko bai yi karatun ba, ko yana da abin da yake son sayar maka.

Sai maganar wuta da data. Kowa ya san yadda wutar lantarki take a ƙauyukanmu, ta zo kamar baƙuwa ta koma kamar ɓarawo. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama kayan ado, kuɗin mota zuwa Dutse ya yi tashin gwauron zabi. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100. Ɗan manomin da ke jiran kakar gero da riɗi kafin ya ga kuɗi a hannunsa, ina zai sa kansa? Ni da idona na ga ɗan'uwa ya kwana a shagon mai caji yana jiran sabis, wa'adin gwaji ya wuce shi, maki ya tafi. Wa zai biya shi?

Abin takaicin shi ne wannan jiha tamu ta riga wasu jin sunan fasahar zamani. Tun zamanin Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, ake ta kirarin Jigawa da kwamfuta, aka kafa makarantar kwamfuta a Kazaure. To bayan shekaru sama da 20, ina ɗakin karatu mai sola da intanet da ɗan talaka zai shiga kyauta a Gwaram? Masu mulki 'ya'yansu na Ingila da Masar da kwamfuta bibbiyu, namu na layin caji. Wannan ba zalunci ba ne?

Akwai kuma masu cewa a bar fannin gaba ɗaya, wai na Turawa ne. Su ma sun yi kuskure. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan damuwa da tsoro da waswasi tun Turai na cikin duhu. Farfesa Malik Badri na Sudan ya nuna a littafinsa na 1979 yadda za a ɗauki abin amfani a fannin a watsar da shirmen Freud. Ga matasanmu na ta faɗawa shan ƙwaya, ga aure na mutuwa, ga masu taɓin hankali ɗaure da mari. An sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, amma doka ba ta jinya. Idan ba mu karanta ba, wa zai zo ya duba mana su?

Saboda haka 'yan'uwa, kada wanda ya biya ko kwabo sai ya zauna ya yi lissafin kayan aiki na zango guda. Ku haɗu mutum huɗu ko biyar ku yi adashi ku sayi kwamfuta ɗaya, ko ta hannu ce, da ƙaramar sola. Mutum ɗaya ya sauke littattafai ya raba wa saura a filashi. Akwai manhajar lissafi ta kyauta, irin jamovi da JASP, ku neme su. Datar da ake ƙonawa a TikTok a mai da ita kan darasi. Sannan mu tashi mu tunkari shugabannin ƙananan hukumominmu da wakilanmu, a rubuce kuma a fili, mu nemi ɗakin karatu mai wuta da intanet a Birnin Kudu da Gwaram. Haƙƙinmu ne, kuma wanda ya yi shiru a kan haƙƙinsa, shi ya so.