Sa Hannunka Ne a Takardar, Ba na Alhaji Ba

Makon jiya ɗan ƙanwata ya zo mini daga Bungudu, fuska a murtuke. Akawu ne a wani babban kanti a Gusau. Maigidansa Alhaji ya umarce shi ya buɗe littafin ciniki biyu: na gaskiya ya kwana a gida, na ƙarya a ajiye wa ma'aikatan hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Da na tambaye shi me ya yanke, sai ya ce, "Kawu, ni yaron gida ne, abin da aka ce shi zan yi."

Wannan kalma ta "yaron gida" ita ta ɓata mini rai. Yaron gida! Mutum da gemunsa, da iyalinsa, da takardar shaidar karatu, amma da an zo maganar gaskiya sai ya koma yaro. Da ita ake tauye mudu a kasuwa. Da ita ake rubuta rasit na buhu hamsin alhali ɗari aka sauke. Ranar karɓar albashi kowa babba ne, ranar ɗaukar alhaki kowa yaro. Tun a makarantar allo aka koya mana cewa biyayya ga na gaba tana da iyaka, iyakarta kuwa saɓon Allah. Jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999 ai ba ita za a tuna wa hukuncin shaidar zur ba.

Dokar haraji ma ba ta san yaron gida ba. Wanda ya shirya lissafin ƙarya da saninsa, ko ya taimaka aka shirya, mai laifi ne. Sababbin dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ba su halatta ƙarya ba. Ranar bincike Alhaji zai ɗauki lauya, ya ce shi bai iya boko ba. Rubutun wa za a gani? Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne.

Na san abin da za a ce: ina amfanin harajin? Manoma a ƙauyukan Tsafe suna biyan 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka noma, matafiyi a hanyar Funtuwa bakinsa ɗauke da addu'a. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma wajibi ne gwamnati ta amsa shi. Amma kuɗin da Alhaji ya ɓoye ba manomin Tsafe yake kai wa ba, wani bene yake ɗorawa.

Ya ku akawu da masu tsaron shaguna, ku ƙi, cikin ladabi, kuma kada ku sa hannu a kan abin da kuka san ƙarya ne. In aiki ya tafi, Mai azurtawa yana nan. In suna ya ɓaci, Alhaji ba zai wanke muku shi ba.