Kwalba ake saye ko abin da ke cikinta?

Jama'a, ba tallar giya na zo yi muku ba, ni da ita sai kallo daga nesa, amma kasuwar jar giyar inabi ta Turawa tana ba ni dariya. A 1976 wani ɗan kasuwar Ingila, Steven Spurrier, ya tara gogaggun masu ɗanɗano na Faransa a birnin Paris, aka zuba musu giyar Faransa da ta Kalifoniya a kofuna ba tare da sun ga kwalba ba. Suka jujjuya kofi, suka shinshina, suka kurɓa suka tofar, yadda sana'ar ta gada. Da aka haɗa maki sai ga Stag's Leap ta Kalifoniya a kan gaba, ta kayar da manyan gidajen giya na Bordeaux a Faransa irin su Mouton Rothschild. Ɗaya daga cikin alƙalan har cewa ta yi a maido mata da takardar makinta! Duk da haka jerin darajar da aka yi wa gonakin Bordeaux tun 1855 shi ke ta da farashi har gobe, tamkar mai sayen shadda da ke duba hatimi bai ko shafa yadin ba. Mai ƙaramin ƙarfi a Landan kuwa tuni kansa ya waye. Malbec ta Mendoza a Ajantina yake ɗauka, inda inabi ke nuna a gindin tsaunukan Andes, rana zafi dare sanyi, ko Pinotage ta Afirka ta Kudu, ko giyar Chile. A can gona da ƙwadago sun fi sauƙi, kuma ba a caje shi kuɗin sunan kakanni.