Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, shinkafa ta shiga buhu, lokacin bukukuwa kuma ya zo. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, mutanenmu suka sami abin hannu rani da damina. Amma kayan lefe su ma sun yi ta hauhawa. Yau uba yakan sayar da shinkafar kadada guda domin sarƙar gwal ɗaya.

Ba mu ce ado laifi ba ne. Gwal asusun mace ne, ran da ciwo ko yunwa suka zo, shi take sayarwa. Tambayarmu ɗaya ce: dole ne sai sabo?

Mu tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyuka kamar Dareta da Bagega, mutane sun riƙa kai duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa. Ashe akwai dalma a cikin dutsen. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, yara fiye da 400 suka mutu. A 2015 aka sake ganin irin wannan a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Mai sayen sabon gwal a kasuwa bai san ramin da ya fito ba, kuma ba mai gaya masa.

To, ina mafita? Tana cikin adudun kakanninmu. Gidaje da yawa suna da tsakiya da murjani da mundayen azurfa ajiye, zare ya tsinke, an manta da su. Tsakiya dutse ce, ba ta ruɓa, ba ta koɗewa. Da yawa daga cikinta fatake suka kawo daga Indiya da Jamus tun kafin a haife mu. A da, maƙeran fari kan narkar da tsohon kuɗin azurfa, mai ɗauke da shekarar 1780, su ƙera zobba da warwaro. Ashe sabunta tsohon abu sana'armu ce ta gado. Yanzu a Ingila da Amurka masu kuɗi na neman zoben da aka yi da tsohon dutse, suna alfahari cewa ba a haƙa sabon rami dominsa ba. Abin da suke biya da tsada, mu muna da shi a ɗaka.

Wani zai ce, surukai za su raina, su ce an kawo kwance. Gaskiya ne, bakin mutane da kaifi. Amma gwal in an narkar da shi, ba shi da tsoho ko sabo, nauyinsa ne kuɗinsa. Sarƙar da kaka ta sa, uwa ta sa, ta fi ta kanti daraja, gama tana ɗauke da sunan gida.

Ga shawararmu. Mata, ku buɗe adudu, ku wanke duwatsun, ku sake zare. Abin da ya karye a kai wa maƙeri, a auna a gabanku kafin ya sa wuta, a sake aunawa bayan ya gama. In dillali ya zo ƙauye yana neman tsofaffin duwatsu da araha, kada ku yi garaje, ku fara tambayar farashinsu a Kasuwar Kurmi. In kayan gado ne, a nemi yardar magada duka, kada ado ya raba zumunci.

Ku kuma iyaye maza, kuɗin da ya ragu a sa a taki da iri, ko kuɗin makarantar ƙannen amarya. Maƙerin garinmu ya sami aiki, amarya ta fita kunya, ba a kuwa ci bashi ba.

Allah ya ba da zaman lafiya.